Lahadin da Jarle Ya Hau Dutse

Katifar ta maƙale a kwanar bene, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Jarle kuwa yana zaune a ƙarƙashinta a kan matattakala, ya dafe ƙirji, baki a buɗe kamar kifin da aka jefo tudu. Haka maƙwabciyarsa Gunvor ta tarar da shi da ta fito zubar da shara.

"Kai Jarle, in nan za ka kwana, matsa mutane su wuce."

Ya ɗaga mata hannu alamar ta dakata. Ya laluba aljihun rigar sanyinsa, ya ciro wata 'yar kwalba, ya fesa a ƙarƙashin harshe. Gunvor ta san kwalbar, ta maganin ciwon zuciya ce. Marigayi mijinta ya daɗe yana yawo da irinta, har safiyar da kwalbar ta kasa yi masa komai a tashar jirgin ruwa. Ta ajiye ledar sharar, ta tsaya tana kallon leɓɓan Jarle har launin toka ya fara barin su.

"Tun yaushe?" in ji ta.

"Tun yaushe me?"

"Kada ka raina mini hankali. Na binne mai irin kwalbar nan."

"Tun bara," ya ce, yana maida numfashi. "Likita ya ce a kwantar da ni a asibitin Bergen, su buɗe ƙirjin su gyara. Na ce to, sai na samu sarari."

"Sarari? Aski ne?"

Bai yi dariya ba. Ya dube ta daga ƙasa. "Gunvor, ba ki ga komai ba."

"Me zan gani? Katifa na gani ta tare mini hanya. Tashi ka kama can."

Ta kusa saba'in, amma wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana ɗaga akwatunan kifi a masana'anta, katifar yara ba za ta gagare ta ba. Ita ta kama wajen nauyin, ta bar masa gefe yana taɓawa, suka hau da ita gidansa da ke saman nata.

A garinmu mutum zai shekara ashirin da maƙwabcinsa bai san launin kujerun falonsa ba. Gaisuwarmu gyaɗa kai ce, in ta yi tsawo a ce ruwan yau ya fi na jiya. Sai dai wannan bai taɓa hana kowa sanin labarin kowa ba. An san Jarle Hovden masunci ne, ya yi makonni a teku, ya dawo ya yi makonni a mashaya. An san matarsa ta bar shi tun 'yarsu Tuva tana rarrafe, ta tafi da ita, daga baya ƙwaya ta kayar da matar. Da ofishin kula da yara ya karɓe yarinyar, aka nemi uban, aka same shi bai san inda kansa yake ba. Sai aka ba da ita riƙo a wani ƙauye da ke ƙetaren ruwa. Lokacin tana da shekara uku, yanzu ta shiga ta bakwai.

Tsakanin nan Jarle ya bar giya. Ya kuma bar teku, wanda a nan garin bai fi barin giya sauƙi ba, ya kama aiki a rumbun komar kamun kifi da ke bakin tasha. Duk don abu ɗaya, a dawo masa da 'yarsa.

Ofishin kuwa ba ya ba da yaro a dunƙule, hawa-hawa ake yi. Da fari ganawa ce a ɗakin ofis mai cike da 'yan tsana, wata tana zaune a lungu tana kallo. In an gamsu a bar ku ku fita filin wasa. In an ƙara gamsuwa yarinya ta zo gidanka da rana, da 'yar rakiya. Matakin ƙarshe shi ne kwana, sai an yi shi ake fara zancen dawowa gida. Wanda ya fasa ganawa ko sau ɗaya, sai a ce bari a sake duba lamarin, sake dubawar nan kuwa tana iya cinye rabin shekara. Jarle ya taɓa ɗanɗanawa, ranar da guguwa ta hana jirgin fito tashi. Yanzu da ya iso bakin matakin kwana har ya sayi katifa, ya ƙudurta a ransa cewa mutumin da aka tsaga wa ƙirji ba za a miƙa masa yaro ba. Babu wanda ya gaya masa haka, shi kuma bai tambayi kowa ba.

Jami'ar da ke riƙe da maganarsu sunanta Eirin, matashiya ce mai sanyin murya, ba ta da mugunta ko kaɗan. Jarle ya ba da sunan Gunvor a matsayin maƙwabciyar da za a iya dogaro da ita in wani abu ya taso, don haka ran Alhamis sai ga Eirin a ƙofarta. Ta tuɓe takalma, ta zauna a kicin, aka zuba mata kofi.

"Akwai abin da yake damun ki game da shi? Komai ƙanƙantarsa," in ji Eirin.

"Yana buga ƙofa in zai fita. Kuma yana barin takalmansa a hanya, wata rana sai sun karya ni."

Eirin ta yi murmushi. "Giya fa?"

"Da ya sha da na ji. Bangon nan da takarda duk ɗaya, ko atishawa ya yi sai ta tashe ni."

"Lafiyarsa fa? Na ga kamar ya rame."

Gunvor ta ƙara mata kofin da ba ta nema ba. "Ya fi ni lafiya. Katifar yarinyar ma shi kaɗai ya hau da ita."

Ba ta saba ƙarya ba, amma ta fito mata sumul, abin har ya ba ta haushi. Eirin ta yi godiya ta haura sama wajen Jarle.

Da la'asar ya sauko, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga, yana murza hula.

"Wai Tuva ta gaya musu gidan Baba zama ake yi," ya ce. "Karta da talabijin. Can gidan riƙo kuwa duk Lahadi suna kan dutse."

"Faɗa Eirin ɗin ta yi maka?"

"A'a, da murmushi ta faɗa. Murmushin ne ma abin tsoro. Lahadin nan za ta biyo mu, Litinin su zauna su yanke maganar kwana. Na ce mata dutsen bayan coci za mu hau."

A ƙasar nan, uban da Lahadi ta same shi a ɗaki da yaro, ko ruwa ake ko ƙanƙara, to a idon mutane da sauransa. Ba doka ba ce, ba a rubuta ta a ko'ina ba, shi ya sa ma ba a iya ɗaukaka ƙara a kanta. Gunvor da kanta haka ta ja 'ya'yanta duk Lahadi suna kuka tana cewa iska magani ce, don haka ba ta da bakin cewa shirme ne.

"Kai ta bakin teku mana, ku yi jifa da duwatsu," ta ce.

"Bakin teku na masu tura keken jarirai ne. Dutse suke hawa, dutse za mu hau."

"Za ka mutu a can, Jarle."

"To, sai ki shaida na yi ƙoƙari."

Ta rufe ƙofarta. Abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi, kuma ita ba uwarsa ba ce.

Lahadi ta waye da yayyafi mai haɗe da ƙanƙara. Motar gidan riƙo ta sauke Tuva a bakin coci, 'yar siririya da jar hular ulu, haƙoranta na gaba biyu sun fita. Jarle ya goyo jaka, Eirin ta sha rigar ruwa mai launin rawaya. Suna shirin kama hanya sai ga Gunvor tafe da sanduna biyu, sanye da tsofaffin takalman mijinta.

"Ina za ki?" in ji Jarle.

"Dutsen na ubanka ne?"

Suka fara hawa. Tuva tana gaba tana tsalle daga wannan dutse zuwa wancan, bakinta bai huta ba, daga labarin kyanwar gidan riƙo sai na wani yaro a ajinsu da ya haɗiye maɓalli. Gunvor ta bi bayan Jarle, idonta a kan ƙeyarsa. Da ta ga kafaɗunsa sun fara ɗagawa da sauka da sauri, sai ta dogara sanda ta saki ƙara.

"Wayyo gwiwata! Ku tsaya, ku tsaya in huta."

Aka tsaya. Ta jawo Eirin ta juya ta wajen teku, tana nuna mata tsibiran da ke can nesa, wanne ne na kakanninta, wanne ne aka daina zama a cikinsa, har da sunayen mutanen da suka mutu tun Eirin ba ta zo duniya ba. Jarle ya zagaya bayan wani dutse kamar mai gyara igiyar takalmi. Da ya fito leɓɓansa sun dawo, aka ci gaba.

Haka aka yi ta yi. Kafin a kai rabi gwiwar nan ta Gunvor ta yi ciwo ba iyaka, wani zubin ta dama, wani zubin ta mance ta kama ta hagu.

"Gunvor, kin cika raki," in ji Tuva.

"Ke ma za ki tsufa, mai giɓi."

"Baba, ji abin da ta ce mini!"

"Ƙyale ta," in ji Jarle. "Ita haƙoranta ma na roba ne, da daddare a kofi suke kwana."

Tuva ta ƙyalƙyale da dariya har ta zauna a ƙasa, Eirin ma ta yi. Masu saukowa suna ta wuce su suna gaisuwa da fara'a. Mutanen da a cikin gari za su kau da kai su wuce ka, a kan dutse sai ka ce 'yan'uwanka ne na jini.

Suka kai ƙololuwa. Iska tana neman ture mutum, suka fake a jikin tulin duwatsun da ke can. Jarle ya buɗe jaka ya fito da kayan Lahadi bai rage ko ɗaya ba, filas na cakuleti mai zafi, ƙunshin burodi da cuku, da lemo. Ya ɓare lemon a hankali, ɓawon ya fito a nannaɗe bai tsinke ba, ya rataya wa Tuva a kunne.

Tuva ta miƙe ta leƙa garin da ke ƙasa. "Baba, ga gidanmu can!"

"Wane gida?"

"Namu mana. Mai jan rufi, kusa da tasha."

Jarle ya sunkuyar da kai yana ta murɗa murfin filas ɗin da ya riga ya rufu. Tausayinsa ya kama Gunvor, haushinsa ma ya kama ta, ta rasa wanne ya fi, sai ta ce a tashi kafin sanyi ya kashe mutane.

A saukowa ne abin ya ɓaci. Ruwa ya shiga takalman Tuva, surutun ya ƙare, ta fara jan ƙafa. Can ta tsaya cak ta ɗaga hannuwa.

"Baba, ɗora ni a wuya."

"Ke da girmanki?" in ji Gunvor. "Zo in riƙe miki hannu, ga sanda ɗaya ma na ba ki."

"Ni ba na so. Terje yana ɗora ni in na gaji."

Terje shi ne uban riƙonta. Eirin tana tsaye tana gyara hularta, ido kawai ta zuba musu kamar yadda kowa zai zuba. Jarle ya dubi Eirin, ya dubi 'yarsa. Ya miƙa wa Gunvor jakar, ya durƙusa.

Ya tashi da ita a wuya, ta riƙe kunnuwansa tana ba shi umarni kamar doki. Gunvor ta bar su suka ɗan taka, sannan ta sake kiran gwiwa. Wannan karon bai tsaya ba. Da ta matso kusa ya ce mata ƙasa-ƙasa, "In na tsaya ba zan iya tashi ba." Daga nan ta bar zancen gwiwa, ta bi shi a baya da jaka da sanduna, tana jin numfashinsa yana fita kamar ana zuga wuta, har suka iso bakin coci.

Motar tana jira. Tuva ta rungume shi ta shiga, Eirin ta yi musu sallama da fara'a ta shiga tata. Jarle ya tsaya ƙyam yana ɗaga hannu har motocin suka sha kwana, sannan ya zube a kan katangar cocin.

"Eirin ta gani ko?" ya ce. "Ta ga na ɗauke ta?"

"Kowa ya gani. Yanzu sai asibiti."

"Sai sun yanke."

Litinin da yamma ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, fuskarsa kamar ta wani mutum daban. Eirin ta bugo waya, an yarda, ran Asabar Tuva za ta kwana.

"To madalla," in ji Gunvor. "Ga shi an yanke. Kira likitan."

"In suka kwantar da ni, Asabar ɗin fa? Bari ta zo ta tafi. Lahadi da kaina zan hau jirgin Bergen, na yi miki alkawari." Ya sosa ƙeya. "Gunvor, ya ake yin fanke? Ta ce shi take ci da safe."

Ta hau ta koya masa. Ta nuna masa yadda ake kaɗa ƙwai da madara kafin a zuba fulawa, da yadda ake barin ƙullun ya huta. Na farko ya ƙone, na biyu ya manne, na uku ya juya shi da ƙarfi ya faɗa bayan murhu. Ta ce masa hannun da ya saba da jan koma ba a rana ɗaya yake koyon ladabi ba, ya ci gaba da gwadawa. Duk safiya kuwa ƙauri yana saukowa ta bene.

Ran Alhamis da safe ta ji ƙamshi, ba ƙauri ba. Ta zauna da kofinta tana jiran a buga ƙofa, har gari ya gama wayewa ba a buga ba. Ta hau. Ƙofarsa ba a kulle take ba. Ta same shi a kicin cikin kayan aikinsa, zaune a kujera, ya kifa kai a kan hannu a bisa tebur. Ya kashe murhu, rediyo tana faɗin yanayin teku. A gabansa akwai faranti cike da fanke, na ƙasa baƙi-baƙi, na sama sun yi kyau. Ta taɓa wuyansa, ta kashe rediyon, ta kira motar asibiti. Kafin su iso ta nemi tawul mai tsabta ta rufe farantin, don ba ta san me kuma za ta yi da hannuwanta ba.

Jana'iza sai mako mai zuwa, haka muke yi. Asabar ce ta riga zuwa. Da rana mota ta tsaya, Tuva ta fito goye da jakarta, tare da Eirin da uwar riƙonta, wata doguwar mata mai suna Randi. An gaya wa yarinyar komai, ta kuma gane, amma ta dage sai ta zo. Randi ta raɗa wa Gunvor cewa tun Litinin ta haɗa jakar da kanta, ta hana kowa kwance ta.

Gunvor ta buɗe musu gidan. Tuva ta tuɓe takalma ta shige ciki, Randi ta tsaya a bakin ƙofa. Eirin ta bi Gunvor kicin, idanunta sun yi ja.

"Kin sani?" in ji Eirin.

"Na sani."

"To me ya sa ba ku faɗa ba? Ciwo ai ba laifi ba ne. Da mun sani da mun gaggauta, da ta daɗe da kwana a gidan nan. Tun kafin Lahadin nan kowa ya riga ya yarda, zaman Litinin sa hannu ne kawai." Ta share hanci. "Maganar dutsen kuwa hira ce fa na yi masa. Hira kawai."

Gunvor ta dube ta. Ta yarda yarinyar gaskiyarta take faɗa. Ko haka ɗin ne zai faru da sun faɗa, wannan kuma babu mai sani yanzu.

"Ke hira kika yi," ta ce. "Shi bai taɓa jin hira daga bakin ofishinku ba."

Suka tsaya suna jin takun Tuva daga wannan ɗaki zuwa wancan. Suka ji ta shiga banɗaki, ta zuge jaka, ta jawo kujerar takawa zuwa gaban madubi. Famfo ya ɗan zuba ya tsaya. Can ta fito, bakinta yana ƙamshin man goge baki, ta zauna a ƙasa ta sa takalmanta.

"Mu tafi," ta ce.

Randi ta leƙa banɗakin ta juyo. "Tuva, kin manta buroshinki."

"Ban manta ba."

Suka sauka. Gunvor ta zagaya gidan tana duba tagogi, ta rage wa na'urar ɗumama ɗaki ƙarfi. A banɗaki ta tsaya, hannunta a kan makunnin fitila. Cikin kofin da ke gaban madubi akwai buroshin Jarle da bakinsa ya baje, da ɗan ƙarami kore jingine a jikinsa, har yanzu yana ɗigar ruwa.